Rifkatu matar Ishaku: amsoshin tambayoyinku

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karo a kan mace ɗaya suka tsaya, wato Rifkatu, surukar Ibrahim, matar Ishaku, uwar tagwayen nan Isuwa da Yakubu. Labarinta yana cikin littafin Farawa, daga ƙarshen sura 22 zuwa farkon sura 28, sai ɗan ambato nan da can bayan haka. Mun taƙaita wasu tambayoyin, mun haɗe masu kama da juna. Mai littafin a kusa ya buɗe shi ya bi mu aya aya, domin a kowace amsa za mu raba abin da aka rubuta da abin da mutane suka ɗora daga baya.

Tambaya: Ina koya wa yara labarin Rifkatu a bakin rijiya. Wani yaro ya ce mini don ta ba raƙuma ruwa ai ba wani abin a zo a gani ba ne. Yaya girman aikin yake, don in san abin da zan gaya musu? (Wata malama)

Amsa: Malama, ki ba yaron nan lissafi, shi zai gamsar da shi. Bawan Ibrahim, wanda aka aika ya nemo wa Ishaku mata, ya taso da raƙuma 10 (Farawa 24:10). Daga yankin Hebron zuwa Haran, wadda kufanta yake a kudancin Turkiyya ta yau dab da iyakar Siriya, kimanin kilomita 700 ne a miƙe. Hanyar ayari kuwa tana karkata ta bi wuraren ruwa, don haka ta fi wannan tsawo sosai. Raƙumi mai kaya yakan ci kilomita 30 zuwa 40 a wuni, ke nan tafiyar ta ɗauki mako uku zuwa wata guda. Raƙumin da ya yi kwanaki bai ga ruwa ba yana iya shanye lita 100 a cikin minti 15. To, mu sassauta, mu ce an riƙa shayar da su a hanya, kowanne lita 40 kawai ya sha a wannan maraice. Lita 400 ke nan. Tulun yumɓu da mace za ta saɓa a kafaɗa, idan aka haɗa da nauyin tulun kansa, da wuya ya ci fiye da lita 10 zuwa 15. Ki raba ki gani: sawu 27 zuwa 40.

Sannan ki duba irin rijiyar. Aya ta 16 ta ce ta gangara zuwa maɓuɓɓugar, ta cika tulunta, ta hauro. Ruwan yana ƙasa, kowane sawu akwai gangara da tulu wofi, akwai hawa da tulu cike. Ko da minti uku ake yi a sawu ɗaya, aikin ya kai wajen awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma da yamma aka fara, lokacin da mata ke fitowa ɗibar ruwa. Mai yiwuwa ta gama ne duhu na shiga.

Abin da aka fi tsallakewa idan ana ba yara labarin shi ne yadda gwajin yake. Bawan ya roƙi ƙaramin abu, kurɓi ɗaya daga tulunta. Babban aikin bai roƙa ba, ya bar shi ne ya gani ko za ta ɗauka da kanta. Ta sauke tulun daga kafaɗa zuwa hannunta, ta karkata masa ya sha, ta jira ya gama, sannan ta ce za ta ɗebo wa raƙumansa su ma har su ƙoshi. Wannan "har su ƙoshi" ita ce ta ɗaure ta, domin da guga ɗaya ta juye a kwami da ta riga ta fita kunyar baƙo. Shi kuwa yana tsaye shiru yana kallonta, ga maza tare da shi a ayarin (aya ta 32), ba wanda aka ce ya kama mata. Ki sa yaran su ƙirga kalmomin gaggawa a ayoyi 18 zuwa 28: ta yi hanzari, ta sāke hanzari, ta ruga, ta sāke rugawa. Da irin waɗannan kalmomin aka siffanta Ibrahim a sura 18, ranar da ya tarbi baƙi uku a ƙofar alfarwarsa. Marubucin yana nuna mana cewa halin gidan da za ta shiga tuni yana jikinta. Kuskure ne a koya wa yara abin kamar ƙuri'a bawan ya jefa, alamar da ya roƙa a wurin Allah, wato yarinyar da za ta shayar da shi ta kuma shayar da raƙumansa, ma'aunin hali ce.

Tambaya: Na ji an ce a zamanin Ibrahim ba a fara kiwon raƙumi ba, wai wannan ya nuna labarin ƙage ne. (Wani mai karatu)

Amsa: Maganar tana da tushe, amma an miƙa ta fiye da tsawonta. Ƙasusuwan raƙuma na gida da aka tono a wuraren haƙar tagulla na kwarin Araba, kudu da Tekun Gishiri, sun nuna cewa raƙumi mai tozo ɗaya ya zama dabbar aiki a wannan yanki wajen ƙarni na 10 kafin haihuwar Almasihu, ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da ake sa Ibrahim. A ɗaya gefen kuma, raƙumi mai tozo biyu an san shi a arewa da gabas tun kafin haka, har akwai wani hatimin dutse daga Siriya, na wajen ƙarni na 18 kafin haihuwar Almasihu, da ke nuna mutum biyu zaune a kansa. Dangin Ibrahim daga wancan ɓangaren suka fito. Farawa ma bai nuna raƙumi a matsayin dabbar kowa da kowa ba, dukiyar attajiri ce, shi ya sa raƙuma 10 a bakin rijiya suka isa shaida cewa mai aiken ba ƙaramin mutum ba ne.

Tambaya: Mene ne ainihin dangantakar Rifkatu da Ishaku kafin aure? Wasu sun ce ƙanwarsa ce, wasu sun ce 'yar baffansa. (Wani dattijo)

Amsa: Baba, duka biyun ba su faɗa daidai ba. Tera ya haifi maza uku: Ibrahim, Nahor da Haran (11:27). Haran ya haifi Lutu da Milka da Iskaya, ya rasu tun mahaifinsa yana da rai. Nahor ya auri Milka, 'yar ɗan'uwansa, ta haifa masa maza 8, na ƙarshe a jerin shi ne Betuwel (22:20-23). Betuwel ne ya haifi Laban da Rifkatu. Saboda haka Betuwel shi ne ɗan baffan Ishaku, Rifkatu kuwa jikar baffansa ce, tana ƙasa da shi da hawa ɗaya a zuriya. Auren zumunci ne ta hanya biyu, domin kakarta Milka ita ma 'yar wani baffan Ishaku ce. Daga nan ne Laban ya zama kawun Yakubu, 'ya'yansa Lai'atu da Rahila kuma suka zama taubasansa.

Batun "ƙanwa" daga sura 26 ya samo asali. Lokacin yunwa Ishaku ya sauka a Gerar, ya ji tsoron kada a kashe shi saboda kyan matarsa, ya ce 'yar'uwarsa ce. Ibrahim ya taɓa faɗin haka a kan Saratu, amma shi yana da abin kamawa, tunda ubansu ɗaya, uwa kowa da tasa (20:12). Ishaku ba shi da wannan madafa. Asirin ya tonu ne ranar da sarki Abimelek ya leƙa ta taga ya gan shi yana wasa da ita irin wasan miji da mata.

Wani abu da zai ja hankalinka, Baba, in ka sāke karanta sura 24: uban yarinyar kusan ba ya nan. Da ta ruga gida, "gidan mahaifiyarta" aka ce ta je. Laban ne ya fito ya tarbi baƙo. Kyautai ɗan'uwanta da mahaifiyarta aka ba, su ne kuma suka nemi a jinkirta tafiya. Sau ɗaya tak Betuwel ya yi magana, a aya ta 50, a nan ma sunan ɗansa aka fara ambata. Yusifus, Bayahuden nan marubucin tarihi na ƙarni na farko, da ya zo ba da labarin sai ya ce Betuwel ya riga ya rasu. Nassin Farawa bai ce haka ba, ya dai nuna cewa ragamar gidan tana hannun Laban.

Tambaya: Nawa ne nauyin zinariyar da bawan ya ba ta, kuma ita ce dukiyar auren? (Wata mai karatu)

Amsa: 'Yar'uwa, aya ta 22 ta faɗi nauyin: zobe ɗaya mai nauyin beka, wato rabin shekel (Fitowa 38:26 ta tabbatar da wannan awo), da mundaye biyu masu nauyin shekel 10. Duwatsun awo da aka tono a ƙasar Yahudiya sun nuna shekel ɗinsu ya kai kimanin giram 11.4, ke nan zoben wajen giram 5.7, mundayen giram 114. Sai dai waɗannan duwatsu na zamanin sarakunan Yahuza ne, can baya. Idan aka auna da shekel ɗin Mesofotamiya, mai kimanin giram 8.4, zoben zai dawo giram 4 da ɗoriya, mundayen giram 84. A tsakanin nan gaskiyar take. Zoben na hanci ne, aya ta 47 ta faɗa ƙarara cewa a hancinta ya sa mata. Wasu tsofaffin fassarori na Turai ne suka mai da shi ɗan kunne, masu zanen hotuna suka bi su.

Wannan kyautar bakin rijiya ce, ba a riga an yi maganar aure ba. Kayan aure sun fito ne bayan dangi sun amince (aya ta 53): kayan azurfa da na zinariya da tufafi ga amarya, da kyautai masu tsada ga Laban da uwarta. Ki lura da wani ɗan abu. A rijiya, bawan ya fito da zinariyar kafin ya tambayi 'yar wane ce ita. Da ya zo maimaita labarin a gaban danginta sai ya fara da tambayar, ya bi da kyautar. Dattijo ne da ya san yadda ake magana a gidan mutane. An kuma gaya mana cewa Laban, da ya ga zoben da mundayen a hannun 'yar'uwarsa, sai ya fita wurin baƙon da marhabin. Wanda ya riƙe wannan ayar ba zai yi mamakin abin da Laban ya yi wa Yakubu daga baya ba.

Tambaya: Ana ta yaɗawa cewa Rifkatu tana da shekara 3 aka aurar da ita ga Ishaku mai shekara 40, wai haka Littafi Mai Tsarki ya ce. Gaskiya ne? (Wani ɗalibi)

Amsa: Ɗan'uwa, babu ayar da ta faɗi shekarun Rifkatu, ko a ranar aurenta ko a ranar mutuwarta. Shekara 3 sakamakon wani lissafi ne, ga kuma yadda ake yin sa. Saratu tana da shekara 90 ta haifi Ishaku (17:17). Ta rasu tana da 127 (23:1), ke nan Ishaku yana da 37 a lokacin. Ya yi aure yana da 40 (25:20). Waɗannan ukun duk suna rubuce. Daga nan sai a shigo da zato guda biyu. Na farko, cewa tafiya dutsen Moriya don hadaya, yadda Farawa 22 ta ba da labarin, ta faru ne a shekarar da Saratu ta rasu. Na biyu, cewa labarin da aka kawo wa Ibrahim a ƙarshen wannan sura, mai ɗauke da sunan Rifkatu, albishirin haihuwarta ne a wannan shekarar. In ka yarda da duka biyun, 40 a debe 37 saura 3. Wannan lissafi yana cikin sharhin Rashi, shahararren malamin Yahudawa na Faransa wanda ya rayu daga 1040 zuwa 1105. Wasu malaman Yahudawa a cikin wannan al'ada ɗaya sun lissafa 14. Yusifus ya ce Ishaku yana da shekara 25 a Moriya, in ka zuba wannan adadi a lissafin nan za ka sami 15.

Inda lissafin ya karye shi ne zatukan nan biyu. Bayan Moriya an ce Ibrahim ya koma ya zauna a Biyer-sheba (22:19), Saratu kuwa a Kiriyat-arba ta rasu, wato Hebron (23:2). An sauya mazauni a tsakani, kuma ba a faɗi shekarun da suka shige ba. Labarin da aka kawo wa Ibrahim kuma na Milka ne, cewa ta haifa wa Nahor maza 8. Ba a haifi maza 8 a shekara ɗaya ba, balle na ƙarshensu ya girma ya yi aure ya haihu. Jerin zuriya ne na tsara biyu, an saka sunan Rifkatu a ciki don a share wa sura 24 fage.

Uwa uba, ita kanta sura 24 ta isa amsa. Yarinyar da ke ciki tana saɓa tulu, ta shayar da raƙuma 10, ta faɗi sunan ubanta da na kakanninta, ta san akwai baro da abincin dabbobi da masauki a gidansu. An kira ta budurwa wadda namiji bai taɓa sani ba, maganar da ba a yi a kan 'yar shekara 3. Da dangi suka so ta ƙara kwana kamar 10, bawan ya matsa a tafi, sai suka ce a kira ta a ji ta bakinta, ta amsa da kalma ɗaya a Ibrananci: zan tafi. Da ta hango Ishaku a fili da yamma, ta sauko daga raƙumi, ta tambaya, ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Masu riƙe da shekara 3 sukan kafa hujja da cewa an haɗa ta da mai renonta. Amma mai reno a irin wannan gida ba ta rabuwa da 'yar renonta don ta girma. Wannan matar, Debora, tana tare da zuriyar har ta tsufa ta rasu bayan Yakubu ya dawo da 'ya'yansa. Wanda ya ce wasu malaman Yahudawa sun faɗi shekara 3 ya faɗi gaskiya. Wanda ya ce Littafin ne ya faɗa, a nemi ya nuna ayar.

Tambaya: Ni uwa ce, wannan labarin yana damuna. Rifkatu ta yi laifi da ta sa Yakubu ya yaudari mahaifinsa makaho, ko kuwa nufin Allah ta cika, tunda ya riga ya gaya mata babban zai bauta wa ƙaramin? (Wata uwa)

Amsa: Mama, ya cancanci ya dame ki, mu ma ba ma ganin tambayar a matsayin mai sauƙi. Mu fara da abin da yake gefenta. Ta yi shekara 20 ba ta haihu ba, domin Ishaku yana da 40 ya aure ta, yana da 60 aka haifi tagwayen. Da cikin ya tsananta, 'ya'yan suna kokawa a cikinta, ita da kanta ta je ta nemi Ubangiji, ita kuma aka ba amsa: al'umma biyu ce a cikinki, babban zai bauta wa ƙaramin (25:23). Isuwa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda kwanon miya, da rantsuwa. Yana da shekara 40 ya auro mata biyu Hittiyawa, Yudit da Basemat, waɗanda aka ce sun zama ɓacin rai ga iyayen duka biyu (26:34-35). Ishaku ma yana da nasa kason. An faɗi dalilin da ya sa ya fi son Isuwa, wato naman farauta, kuma ya kira shi ne shi kaɗai don ya sa masa albarka, alhali Yakubu da tasa ranar ta zo duk 'ya'yansa ya tara (49:1).

Yanzu ga abin da ta yi, daki daki. Ta saurari maganar uba da ɗa. Ta san lokacinta bai wuce tsawon farauta ɗaya ba. Ta aiki Yakubu garke ya kawo 'yan awaki biyu masu kyau, ta dafa su yadda Ishaku yake so. Ta ɗauko tufafin Isuwa mafi kyau, waɗanda suke ajiye a wurinta, ta sa masa. Ta rufe hannuwansa da santsin wuyansa da fatun 'yan awakin. Ta miƙa masa abincin da gurasa. Ta yi wa kowace kafa ta ganewa tanadi: ido ya riga ya tafi, ɗanɗano ga girki, taɓawa ga fata, shaƙa ga tufafi. Kunne ne kawai ba ta da maganinsa, ta nan kuma shirin ya kusa rushewa. Tsohon ya yi ta gwaji. Ya tambayi wane ne, ya tambayi yadda aka samo naman da wuri haka, ya ce matso in shafa ka, ya ce murya ta Yakubu ce amma hannuwa na Isuwa. Ki duba, da farko Yakubu doguwar magana yake yi, amma bayan an ambaci murya, da aka sāke tambayarsa, kalma ɗaya ya furta: ni ne. A ƙarshe uban ya ce ya matso ya sumbace shi, ya shaƙi ƙanshin jeji a rigar, sannan ya saki albarkar. Wannan duk ba aikin tsautsayi ba ne. Da Yakubu ya nuna tsoro tun farko, tsoron kamu ne ya ambata, ita kuwa ta ce la'anar ta faɗa a kanta.

Ra'ayinmu shi ne ta gane wanda aka zaɓa, amma hanyar da ta bi ba ta da kariya. Alkawarin da aka yi mata bai zo da umarnin ta cika shi da hannunta ba. Manzo Bulus, da ya kawo zancenta a Romawa 9:10-12, abin da ya jaddada shi ne an yi zaɓin tun yaran ba su yi nagarta ko mugunta ba, bai yabi dabarar ba. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Albarkar da aka karɓe da wayo ta raɓar sama ce da ni'imar ƙasa da hatsi da ruwan inabi da mulki a kan 'yan'uwa (27:28-29). Albarkar Ibrahim kuwa, ta zuriya da gadon ƙasa, Ishaku ya ba Yakubu ita ne daga baya, ido biyu, ya san da wa yake magana (28:3-4). Wannan ta zo ba fatar akuya.

Farawa bai tsaya ya yanke mata hukunci da baki ba, sai ya bar abin da ya biyo baya ya yi magana. Isuwa ya ƙudura kisa. Ta ce wa Yakubu ya gudu wurin Laban ya yi "'yan kwanaki", in fushin ya huce za ta aika a ɗauko shi. 'Yan kwanakin suka zama shekara 20 (31:38), kuma ba a rubuta cewa ta aika ba, ba a rubuta cewa sun sāke ganin juna ba. A Haran, Laban ya shigar masa da Lai'atu cikin duhu a maimakon Rahila, da safe ya ce a garinsu ba a ba da ƙarama kafin 'yar fari. Da Yakubu ya tsufa, 'ya'yansa suka yaudare shi da riga da jinin bunsuru (37:31). Kalmominta na ƙarshe a Littafin kuka ne a gaban mijinta, cewa ta gaji da rayuwa saboda matan Hittiyawa (27:46). Gaskiya ta faɗa, amma ba ita ce ainihin dalilin tafiyar ba, ko a nan ba ta gaya masa komai duka ba.

Wani gyara ga masu zana Yakubu a matsayin saurayi a wannan rana. Ya shiga Masar yana da shekara 130 (47:9), Yusufu a lokacin yana da 39, wato 30 da ya tsaya gaban Fir'auna, da 7 na ƙoshi, da 2 na yunwa. An haifi Yusufu ke nan Yakubu yana da 91. Idan haihuwar ta zo a ƙarshen shekara 14 na bautar aure a gidan Laban, kamar yadda 30:25 ta nuna, to ya bar gida yana da kimanin 77, Ishaku yana da 137. Tsohon da ya ce bai san ranar mutuwarsa ba ya ƙara shekara 43 a duniya, ya rasu yana da 180. Yakubu ya dawo ya tarar da shi da rai a Hebron. Uwar ce ba a ambata ba.

Tambaya: Ni Musulma ce, ina da ƙawa mai suna Rifkatu. Mece ce ma'anar sunan, kuma yana cikin Alƙur'ani? (Wata mai karatu)

Amsa: Sannu da wasiƙa, 'yar'uwa. A Ibrananci sunan Ribka ne ko Rifka. Ta Helenanci ya bi ya zama Rebeka a harsunan Turai, ta Larabci ya zama Rifƙa, Hausa ta ƙara masa "tu" irin na Saratu da A'ishatu. Farawa ya fassara sunayen Ishaku da Isuwa da Yakubu, bai fassara nata ba. Masana harshe sukan danganta shi da wani tushe mai ma'anar ɗaurewa, wanda a Larabci ya ba da kalmar madaukin igiyar da ake ɗaure 'yan raguna. Masu cewa ma'anarsa tausasawa sun bi kamannin sauti ne da wata kalmar Larabci daban. Alƙur'ani bai ambace ta da suna ba, Maryamu ce kaɗai macen da ya kira da sunanta, amma a Suratu Hud aya ta 71 an yi wa matar Annabi Ibrahim bushara da Ishaƙa, da kuma Yaƙubu a bayansa. Malaman tarihi irin su Ibn Kasir sun kawo sunanta da na mahaifinta, suna masu danganta labarin ga Ma'abota Littafi.

Tambaya: Yaushe Rifkatu ta rasu, kuma ina kabarinta? (Wani mai wa'azi)

Amsa: Malam, kada ka faɗi shekara a kan mumbari kamar daga Farawa ka ɗauko ta. An rubuta mutuwar Saratu da shekarunta, an rubuta ta Rahila a hanyar Efrata, ta Rifkatu ba a rubuta ba. A inda mai karatu zai sa ran jin ta, sai ya ji ta mai renonta: Debora ta rasu, aka binne ta a gindin wani itacen oak a gangaren Betel, aka sa wa wurin suna Allon-bakut, wato itacen kuka da makoki (35:8). Wasu malaman Yahudawa sun ce a nan ne labarin rasuwar uwar ya iske Yakubu. Littafin Yubili, wanda Ikilisiyar Otodoks ta Habasha take karɓa amma yawancin sauran ikilisiyoyi ba su sa shi cikin nassi ba, ya ce ta rasu tana da shekara 155.

Wurin binnewa kam an faɗa, daga bakin Yakubu a gadon mutuwarsa (49:31): kogon Makfela, wanda Ibrahim ya saya daga Efron Bahitte a kan shekel 400 na azurfa. A can aka sa Ibrahim da Saratu, Ishaku da Rifkatu, da Lai'atu, daga baya shi ma Yakubu. Wurin da al'ada ta riƙe yana cikin tsohon birnin Hebron, wanda Larabawa ke kira al-Khalil, kimanin kilomita 30 kudu da Urushalima, a Gaɓar Yamma. Katangar manyan duwatsu da ta kewaye shi ta zamanin Hirudus Mai Girma ce, fiye da shekara 2,000 ke nan tana tsaye. Musulmi suna kiran wurin Masallacin Ibrahim. Bayan kisan masallata 29 a cikinsa a 1994 aka raba ginin biyu, ɓangaren Musulmi da na Yahudawa, sai kwana 10 a shekara da kowane ɓangare yake samun ginin duka. Zauren Ishaku da Rifkatu yana ɓangaren Musulmi. A cikinsa akwai ƙananan ɗakuna biyu na dutse mai ratsin ja da fari, ginin Mamlukawa, sarakunan Masar na wancan zamani, na shekarar 1332, ɗaya da sunansa ɗaya da sunanta. Alamu ne kawai, kogon yana can ƙarƙashin daɓe, a rufe, ba a shiga. A gefen zauren akwai wata 'yar ƙaramar kafa a ƙasa, ta nan masu hidimar masallacin suke zura fitilar mai da sarƙa zuwa cikin kogon.